Allurar Botox Don Rage Tamojin Fuska: Abin Da Take Iya Yi Da Abin Da Ake Ɗora Mata

Allurar Botox tana aiki, kuma wajibi ne a fara faɗin haka kafin a shiga ƙorafi, domin a cikin tarin kayan gyaran fata da ake tallatawa, daga mayukan shafawa zuwa na'urori masu fitar da haske kala-kala, kaɗan ne suke cika alkawarin da ke rubuce a jikin kwalinsu kamar yadda take cikawa. Sai dai alkawarin nata ƙarami ne ƙwarai idan aka auna shi da abin da masu talla suke ɗora mata. Tana kwantar da wasu ƙananan tsokokin fuska na tsawon wata uku zuwa huɗu, ta yadda fatar da ke kansu za ta daina lanƙwashewa idan mutum ya haɗa gira ko ya ɗaga goshi ko ya yi dariya, kuma iyakar aikinta ke nan. An yi mini ita a tsakanin gira da kuma goshi a wani asibitin fata, na bi diddiginta tun daga ranar allura har ƙarfinta ya ƙare, don haka wannan sharhi ya haɗa abin da na gani a madubi da abin da likitoci suka tabbatar game da maganin.

Asalin maganin dafi ne, ba kuma ƙaramin dafi ba, domin yana cikin mafiya ƙarfi da aka sani a duniya. Wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ce take samar da shi a wuraren da iska ba ta shiga, musamman a cikin abincin gwangwani ko naman da ba a adana shi yadda ya kamata ba, kuma wanda ya ci shi da yawa yakan fara da gani biyu-biyu da wahalar haɗiya, daga nan shanyewa ta gangaro har ta kai ga tsokokin numfashi. Wani likita Bajamushe, Justinus Kerner, ya yi cikakken bayanin wannan cuta wajen shekarar 1820, har ya yi hasashen cewa ɗan kaɗan na dafin zai iya zama magani ga cututtukan da tsoka take yawan motsi ba bisa son mai ita ba. Bayan wata annoba da ta auku a ƙasar Beljiyam a 1895, Émile van Ermengem ya gano ƙwayar cutar kanta. Likitan ido Alan Scott na San Francisco shi ne ya fara yi wa mutane allurarsa a ƙarshen shekarun 1970 domin gyara karkataccen ido, kuma a 1989 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi don wannan aiki da kuma matsewar fatar ido. Batun kwalliya ya shigo ne ta bayan gida. A 1987 likitar ido Jean Carruthers ta birnin Vancouver a Kanada ta lura cewa tamojin tsakanin gira yana ɓacewa a fuskar masu jinyar da take yi wa allura, sai ita da mijinta Alastair, wanda likitan fata ne, suka bi lamarin har suka wallafa sakamakonsu a 1992. FDA ta amince da shi don tamojin tsakanin gira a 2002, don na gefen ido a 2013, sannan don na goshi a 2017. Wannan dogon tarihi yana cikin abubuwan da suke kwantar da hankali game da maganin, domin an yi shekaru ana ba da shi ga masu ciwon kai mai tsanani da masu yawan gumi da masu murɗewar wuya, a ma'aunin da ya ninka na kwalliya sau da yawa.

Yadda yake aiki shi ne mabuɗin fahimtar iyakarsa. Duk lokacin da tsoka za ta motsa, jijiya ce take sakin wani sinadari mai suna acetylcholine a inda ta haɗu da tsokar, kuma sakin nasa ya dogara da wani furotin da ake kira SNAP-25. Dafin yana shiga cikin bakin jijiyar ya datse wannan furotin, sai saƙo ya daina isa, tsokar kuma ta zauna lakwas. Jiki ba ya barin abin haka, a hankali yakan gyara bakin jijiyar har saƙo ya ci gaba da wucewa, shi ya sa aikin allurar yake ƙarewa da kansa bayan 'yan watanni. Daga nan za a gane cewa maganin bai taɓa fatar kanta ba ko kaɗan. Bai ƙara mata kauri ba, bai cike rami ba, bai ɗaga abin da ya saki ba.

Ganawar farko da likita ita ce ta fi burge ni a cikin hidimar gaba ɗaya, kuma ita ce nake ganin ya kamata kowa ya auna wurin da ya je da ita. Kafin a taɓa sirinji, likitar ta tambayi magungunan da nake sha da cututtukan da na taɓa yi, sannan ta miƙo mini madubi ta sa na murtuke fuska, na ɗaga gira iya ƙarfina, na matse ido, na saki, tana ɗora yatsa a kan gira tana jin inda tsokar ta fi tauri, tana kuma ɗiga alama da farin fensir. Ta nuna mini cewa girata ta hagu ta fi ta dama ɗagawa kaɗan, abin da ban taɓa lura da shi ba, ta ce idan ba a yi la'akari da wannan ba, allurar za ta ƙara fito da bambancin. Abu mafi amfani da ta yi shi ne rarrabe mini tamoji gida biyu. Akwai wanda yake bayyana sai an motsa fuska, kuma shi ne allurar take gogewa. Akwai kuma wanda ya riga ya zauna a fata ko da fuska tana hutawa, saboda shekaru da rana da yawan lanƙwasawa sun tona shi, kuma wannan allurar tana iya sassauta shi ne kawai. Ta ja fatar tsakanin girata da yatsu biyu, layin bai ɓace gaba ɗaya ba, sai ta ce kada in sa ran zai ɓace bayan allura. Haka kuwa aka yi.

Allurar kanta ba wani abin labari ba ce. Maganin yana zuwa a 'yar ƙaramar kwalba a busashe, kusan ba a ganin komai a cikinta, sai a dama shi da ruwan gishiri na asibiti a zuƙa a siririn sirinji. Ma'aunin da aka amince da shi na Botox don tsakanin gira shi ne yunit 20 a wuri biyar, yunit huɗu a kowane wuri, na gefen ido kuma yunit 24, wato sha biyu a kowane ɓangare, sannan na goshi yunit 20 wanda ake haɗawa da na tsakanin gira. Likitoci sukan rage ko su ƙara gwargwadon ƙarfin tsokar mutum, kuma maza sukan buƙaci fiye da mata. Zafin bai kai na allurar ɗibar jini ba, ko da yake na tsakanin gira ya sa idona ya kawo ruwa, kuma akwai wata 'yar ƙara da ake ji idan tsinin allurar ya ratsa fatar goshi wadda ta fi zafin kansa ɗaga hankali. Cikin kusan minti goma an gama, ƙananan kumburin da suka taso kuma sun sace kafin in isa gida. An shawarce ni kada in murza wurin, kada in kwanta na wasu sa'o'i, kada kuma in yi motsa jiki mai tsanani a ranar.

Wanda ya duba madubi washegari yana neman canji zai ɗauka an cuce shi. Maganin yakan fara kamawa ne bayan kwana biyu zuwa biyar, kuma ba ya kai matuƙa sai kusan mako biyu, shi ya sa wuraren kirki suke sa ranar komawa a daidai wannan lokaci don a duba ko akwai inda yake buƙatar gyara. Abin da na fara ji shi ne nauyi a goshi, kamar an manna mini filasta, sannan wata rana na fita cikin hasken rana na nemi in haɗa gira sai na ji umarnin ya fita amma babu abin da ya motsa. Wannan yanayi yana da ban mamaki, kuma ban ga mai talla da yake ambatonsa ba. Bayan nauyin ya lafa, sakamakon ya yi kyau ba tare da ya yi ƙarau ba: layuka biyun da suke sa a tambaye ni ko raina a ɓace yake sun kwanta, goshi ya yi sumul, kuma abin da na fi ji daga mutane shi ne cewa na yi kama da wanda ya sami isasshen barci. Babu wanda ya ce na koma ƙuruciya, domin ban koma ba.

Akwai farashin da ba na kuɗi ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Fuska tana magana, kuma gira tana cikin manyan harsunanta. Da ita ake nuna mamaki da tausayi da rashin yarda, da ita uwa take tsawatar wa yaro daga nesa ba tare da ta buɗe baki ba. A watannin da maganin yake kan ganiyarsa na lura cewa idan ana ba ni labari mai nauyi, sai in riƙa ƙarawa da kalmomi don mai maganar ya san ina tare da shi, saboda fuskata ta daina yin nata rabon aikin. Wannan bai kai a kira shi illa ba, amma malami ko ɗan wasan kwaikwayo ko duk wanda sana'arsa ta rataya a kan fuskarsa ya kamata ya yi tunani a kai, ya kuma nemi a rage ma'auni a bar masa ɗan motsi. Fuskokin nan masu ƙyalli da ba sa motsi da ake gani a talabijin, ba laifin maganin ba ne shi kaɗai, yawanci zaɓin mai fuskar ne ko gangancin mai allurar.

Goshi shi ne wurin da ƙwarewar hannu take bayyana. Tsoka guda ce take ɗaga gira, kuma ita ce dai take haifar da layukan kwance na goshi, saboda haka duk abin da aka rage mata don a goge layi an rage shi ne daga ƙarfin da take riƙe gira da shi. Idan aka cika mata magani, ko aka yi allurar ƙasa-ƙasa, gira takan sauko ta danne ido, mutum ya yi kama da mai gajiya, wato akasin abin da ya biya kuɗi don ya samu. Idan kuma aka kwantar da tsakiya aka bar gefe, wutsiyar gira takan cilla sama ta ba fuska yanayin mai tuhuma. Mutanen da fatar idonsu ta riga ta yi nauyi, waɗanda suke ɗaga gira ba tare da sun sani ba don su buɗe ido sosai, su ne suka fi shiga wannan matsala, kuma likitan kirki zai iya ce musu kada a taɓa goshin ma sam. Abin da ya fi wannan ban haushi shi ne faɗuwar fatar ido ta sama, wadda take faruwa idan maganin ya malala zuwa tsokar da ke buɗe ido. A gwaje-gwajen da aka yi kafin amincewa da Botox don tsakanin gira, kusan mutum uku cikin ɗari sun gamu da ita. Akwai maganin ɗigawa a ido da yake ɗan ɗaga fatar, amma babu allurar da take warware aikin dafin. Wannan babban bambanci ne tsakaninsa da allurar cike fata ta hyaluronic acid, wadda ake iya narkar da ita idan ba ta yi kyau ba. Wanda aikin Botox ya ɓaci a fuskarsa, haƙuri ne kawai nasa har makonni su wuce.

Sauran illolin da aka saba gani ƙanana ne, kamar ciwon kai na kwana ɗaya ko biyu da taruwar jini a inda allura ta shiga, musamman ga masu shan asfirin ko magungunan tsinka jini, waɗanda kuma bai kamata kowa ya daina sha don kwalliya ba sai da izinin likitansa. Amma tun 2009 FDA ta wajabta wa duk kamfanonin da suke yin wannan magani su buga gargaɗi mafi girma a takardarsa, cewa dafin yana iya yaɗuwa nesa da inda aka yi allura ya haddasa wahalar haɗiya ko numfashi. Galibin irin waɗannan lamurra sun faru ne a manyan ma'aunai na jinya, duk da haka wanda ya ji muryarsa ta canza ko haɗiya tana yi masa wuya ko yana gani biyu-biyu bayan allura, ya garzaya asibiti nan take. Masu cututtukan raunin tsoka irin su myasthenia gravis, da masu ƙurji ko ciwo a wurin da za a yi allurar, da masu juna biyu da masu shayarwa, ba a ba su shawarar yin ta ba, haka kuma wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su gentamicin suna ƙara wa dafin ƙarfi. Wurin da bai tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba kafin ya ɗauko sirinji, ya riga ya faɗi jarrabawa.

Haɗari na gaske yana wajen jabu da kuma hannun da ba shi da lasisi. A 2004 mutum huɗu a jihar Florida ta Amurka sun shanye har sai da aka sa musu na'urar numfashi bayan an yi musu allurar wani dafi da aka tanada don binciken ɗakin gwaji, ba don jikin mutum ba. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta binciki rashin lafiyar mutane a jihohi da dama waɗanda aka yi wa allurar jabu ko kuma aka yi musu a gidaje da shagunan kwalliya, wasunsu har an kwantar da su. Botox na gaske ana ajiye shi a cikin firji, yana da lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki a jikin kwalba, kuma mai biyan kuɗi yana da haƙƙin ya ga kwalbar a rufe kafin a dama ta. Na nemi a nuna mini, aka nuna ba tare da ɓata rai ba. Ingila ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 wannan allura don kwalliya tun daga Oktoban 2021, kuma a ƙasashe da yawa magani ne da ba a ba da shi sai da rubutun likita, ko da yake bin dokar ya sha bamban daga wuri zuwa wuri.

Sunan Botox ya mamaye kasuwa har mutane suna kiran kowane iri da shi, alhali na kamfanin Allergan ne kawai, wanda AbbVie ya saya a 2020. Akwai Dysport da aka amince da shi a Amurka a 2009, da Xeomin na kamfanin Merz na Jamus, da Jeuveau da ake yi a Koriya ta Kudu wanda ya shigo a 2019, da Daxxify na 2022 wanda a gwaje-gwajensa yakan kai kusan wata shida. Dukkansu nau'in dafi ɗaya ne da na Botox, wato nau'in A, kuma a hannun ƙwararre bambancinsu a madubi kaɗan ne. Abin lura shi ne yunit ɗinsu ba ɗaya ba ne, domin Dysport yana buƙatar yunit 50 a wurin da Botox yake buƙatar 20, don haka kwatanta farashin yunit tsakanin iri biyu yaudarar kai ce. Wasu wuraren suna sa kuɗi a kan kowane yunit, wasu a kan kowane sashen fuska, kuma na fi natsuwa da na farkon, saboda idan an ce sashe kawai, mutum ba shi da hanyar sanin ko an tsinka maganin da ruwa fiye da kima. Araha mai yawa a wannan fanni abin tuhuma ce, domin kamfanonin ba sa sayar da kwalbar da araha ga kowa.

Lissafin kuɗin ma ba na zuwa ɗaya ba ne. Tun da ƙarfin maganin yana ƙarewa cikin wata uku zuwa huɗu, wanda yake son fuskarsa ta dawwama a haka zai riƙa komawa sau uku ko huɗu a shekara, shekara bayan shekara, kuma ba a so a matso da allurai kusa da juna fiye da wata uku, domin yawan maimaitawa da manyan ma'aunai suna iya sa jiki ya gina garkuwa maganin ya daina kamawa, ko da yake hakan ba kasafai yake faruwa a ma'aunin kwalliya ba. Tsoron da wasu suke yi cewa idan aka daina fuska za ta lalace fiye da yadda take kafin allura ba shi da tushe. Ni dai motsi ya dawo mini a hankali, ya fara daga gefen gira, layukan kuma suka koma yadda suke. Abin da yake faruwa shi ne ido ya saba da sumul ɗin goshi, sai tsohuwar fuskar ta zama baƙuwa ga mai ita, kuma a kan wannan sabo ne kasuwar take tsaye.

Tallar da ban yarda da ita ba ita ce wadda ake yi wa 'yan shekara ashirin da 'yan kai cewa su fara allura tun yanzu don rigakafi. Gaskiya ne fatar da ba a lanƙwasawa ba ta saurin yin layi, amma sayar wa mai lafiyayyar fata hidimar da zai riƙa biya har tsufansa ya fi kama da dabarar kasuwa fiye da shawarar likita, alhali man kare fata daga rana da barin taba da mayukan tretinoin, wani maganin shafawa dangin bitamin A, suna gyara fatar kanta, abin da allurar ba ta yi. Masu duhun fata kuma yawanci tamoji ba ya zuwar musu da wuri, damuwarsu ta fi karkata ga tabo da rashin daidaiton launi da sakin kumatu, kuma babu ko ɗaya a cikin waɗannan da Botox yake taɓawa. Haka nan layukan da suke saukowa daga gefen hanci zuwa baki ba nata ba ne, duk wanda ya ce zai goge su da ita ko dai bai san aikin ba ko kuma yana neman kuɗi ne kawai.

Wanda zan ba shawarar ya gwada shi ne baligi mai lafiya wanda layukan tsakanin girarsa ko na gefen idonsa suke fitowa idan ya motsa fuska, suna kuma damunsa shi da kansa, wanda yake da halin biya ba tare da ya matsa wa aljihunsa ba, kuma ya sami likitan fata ko likitan fiɗar gyaran jiki ko ma'aikacin jinya mai lasisi da yake aiki ƙarƙashin likita. Ya fara da sashe guda da ma'auni kaɗan, tun da ana iya ƙarawa bayan mako biyu amma ba a iya ragewa, kada kuma ya yi allurar farko ana saura 'yan kwanaki wani muhimmin taro. A nawa ɓangaren, zan iya sake yin ta tsakanin gira, inda ta biya mini buƙata sosai, amma goshi zan bar shi da layukansa, domin nauyin da na ji da motsin da na rasa sun fi mini sumul ɗin da na samu tsada.